Yadda za ka koyi aikin NDT in kana Katsina

Tau ƙannena, wannan bayani na masu tambayar aikin NDT ne, wato duba lafiyar ƙarfe ba tare da an fasa shi ba, musamman waɗanda suka gama ND a Hassan Usman Katsina Poly ko suke karatu a Daura, da kuma yaran da ke shagon walda sun ji wai akwai wani aiki na duba walda da ake biya da kyau. Akwai shi kam, kuma akwai rufin asiri a cikinsa, amma wajen shiga ne ake yawan asara. Yaro zai sa tsohonsa ya saida shanu ko wani yanki na gona, ya tafi Fatakwal ya yi kwas na sati biyu ko uku, ya dawo da takardu biyar masu hatimi, daga nan shiru ba kamfanin da ya kira shi, kuma abin na ƙona mani rai ƙwarai don da an gaya mashi gaskiya tun farko da bai kashe kuɗin a haka ba. Takardar da ake ba ka bayan kwas shaida ce kawai cewa ka zauna aji. Satifiket ɗin da ke ba ka ikon sa hannu a rahoto sai ka haɗa abu huɗu, karatun aji, awannin aiki a sayit, gwajin ido, da jarrabawa, kuma cikin huɗun nan awannin aikin ne ke ba ɗan Katsina wuya, don haka su za ka fara yi wa shiri tun kafin ka biya ko sisi.

Shi aikin, duba lafiyar ƙarfe ne ko walda ko kankare ba tare da ka fasa shi ko ka yanka shi ba. In tsohuwa za ta sayi randa a kasuwa ai ƙwanƙwasa ta take yi ta saurara, mai lafiya ƙararta daban mai tsaga ƙararta daban, kuma ba a fasa randar ba, tau shi ke nan asalin abin, sai dai mu da na'ura da ƙa'ida a rubuce muke yi. Ana bukatarsa a bututun mai da gas, tankuna, gadoji, ginin ƙarfe, layin dogo, jiragen sama, matatun mai. Ka ɗauki bututun gas na AKK da aka ƙaddamar a 2020, daga Ajaokuta zuwa Kaduna zuwa Kano, kilomita 614 na bututu mai faɗin inci 40, guntu-guntu ake haɗa shi da walda kuma sai an duba waldar kafin a rufe da ƙasa. Ga layin dogon Kano zuwa Maraɗi da ya biyo ta Daura da Katsina da Jibiya, shi ma akwai gadoji da waldar dogo. Ga tankunan gidajen mai da na gas ɗin girki da suka cika gari.

Kafin komai je ka asibitin ido. Ana neman ka iya karanta ƙananan haruffan katin Jaeger daga nisan santimita 30, ko da ido guda ne, kuma ko da tabarau ne ba laifi, sannan a gwada ko kana rarrabe launi da littafin nan na Ishihara mai ɗige-ɗige kala-kala da lamba a ɓoye a ciki. Akwai maza da dama da ba su rarrabe ja da kore sosai kuma su kansu ba su sani ba, gara ka sani tun kana gida. Gwajin gani na kusa duk shekara ake sabunta shi muddin kana aikin. Batun makaranta kau, ƙa'idojin ba su ce sai kana da digiri ba kafin ka yi lebel 1 ko lebel 2, wato matakan ƙwarewa a aikin, in kana da WAEC ko NECO ko NABTEB da lissafi da fizis da Turancin da za ka karanta ƙa'ida ka rubuta rahoto za ka iya, amma ND a makanikal ko sibil ko walda na taimako sosai wajen ɗaukar aiki. Wanda ke da hali ya nemi PTI, makarantar horar da ma'aikatan mai da ke Effurun kusa da Warri, suna da sashen walda kuma kamfanonin mai sun san makarantar.

Wanda bai taɓa riƙe kan walda ba, ya je ya zauna wajen mai walda na wasu watanni, ko a nan cikin gari ne wajen masu ƙofofi da tankin ruwa. Ba don ka zama gwani ba, don idonka ya san yadda aibi ke faruwa, ka ga yadda kumfa ke fitowa in sandar walda ta sha danshi, yadda dattin walda ke maƙalewa a ciki in ba a ɓamɓare shi ba kafin a sake bi, yadda wuta ke cin gefen ƙarfe in ta yi yawa, yadda take kasa ratsawa har ƙasa in ta yi kaɗan, da yadda walda ke kwanciya a kan ƙarfe ta yi kyau a ido alhali ba ta kama ba. Yaron shagon walda in ya shiga aji yakan riga ɗan boko gane abin da na'ura ke nuna mashi. Wannan duba da ido ɗin shi ma hanya ce mai zaman kanta, VT ake ce mata, da tocila da madubi da ɗan ma'aunin walda ake yi, kuma waldar da ta faɗi a ido ba a ɓata lokacin kai mata na'ura.

Bayan ido sai PT, wato gwajin jan ruwa. Gwangwanin feshi uku ne, na wankewa, na jan ruwan, da na farin gari. Ka wanke wurin ya bushe, ka fesa jan ka bar shi kamar minti 5 zuwa 10 ko yadda takardar aikin ta ce, ka goge na sama da tsumma, kuma kar ka kuskura ka fesa ruwan wankin kai tsaye a kan waldar don zai wanke jan da ya shige cikin tsagar, a jikin tsumma ake fesawa, sannan ka fesa farin sama-sama, in akwai tsaga za ka ga jan ya tsotso ya fito a kan farin. Tsagar da ta buɗe a waje kawai yake kamawa. A ƙasarmu akwai abin lura, ƙa'idar ASME, ƙungiyar injiniyoyi ta Amurka, ta ce zafin ƙarfen ya kasance tsakanin digiri 5 da 52, ƙarfen da ya yini a rana a watan Afrilu a Katsina kau ko taɓa shi ba ka iya yi, jan zai bushe kafin ya shiga ko'ina sai ka ga wuri fari tas ka ce lafiya lau alhali gwajin ne ya lalace, saboda haka da sassafe ake yi ko a yi rumfa, lokacin hunturu kuma ƙura ce matsalar. MT na maganaɗisu ne, ka ɗora na'urar mai ƙafa biyu a kan ƙarfen ka fesa baƙin ruwa mai garin ƙarfe, garin sai ya taru a bakin tsagar, kuma sau biyu ake ɗorawa, a tsaye da a gicciye. Kafin ka fara sai ka gwada ƙarfin na'urar, mai wutar AC dole ta ɗaga ƙarfe mai kilo 4.5. Ba ya aiki a kan alminiyam ko irin sitenles ɗin da maganaɗisu ba ya kamawa. Waɗannan biyun su ne masu sauƙin kuɗi da sauƙin koyo, da su za ka fara, don su ne za su sa a ɗauke ka a matsayin mai taimako.

UT shi ne inda abincin yake, kuma shi ke cin mutane a jarrabawa. Na'urar tana tura sauti mai ƙarfin da kunne ba ya ji, yawanci megahaz 2 zuwa 5, ta wani ɗan kai da ake kira firob, ka shafa man gwaji ko giris a kan ƙarfen don iska ba ta barin sautin ya shiga, sautin ya tafi ya bugi bayan ƙarfen ko ya bugi aibi ya dawo, kai kuma ka karanta a sikirin. Cikin ƙarfe sautin na gudun kusan mita 5,900 a daƙiƙa in a miƙe ne, na firob ɗin kwana kuma kusan 3,240. Firob na kwana akwai mai digiri 45 da 60 da 70, kuma a nan ne lissafin da ka raina a sakandare zai dawo, sin da cos da tan. Misali faranti mai kaurin milimita 20 da firob mai digiri 60, sautin zai yi tafiyar milimita 40 kafin ya taɓa ƙasan farantin, a saman farantin kuma wurin na gaba da firob ɗinka da kamar milimita 35, in ya yi tsalle ya dawo sama kamar 69 ke nan, in ba ka iya fidda wannan da kanka ba za ka ga alama a sikirin ka kasa sanin ko tsaga ce ko tudun waldar ne kawai ke maido sauti, sai ka sa a yanke walda mai lafiya ko ka bar mai ciwo ta wuce. Tun yanzu ka samo littafin lissafi na SS2 da kalkuleta ka riƙa yi kullum. In ka shiga aji kuma kar ka yarda a bar ka da kallon malami, ka saita na'urar da hannunka a kan ƙarfen gwaji na V1 da V2 har sai kana yi ba tunani, don duk ranar aiki da wannan saitin ake farawa.

RT hoton eksire ne ake ɗaukar walda, ko da injin eksire ko da ɗan ƙwayar sinadari mai fidda rediyeshan, wanda aka fi amfani da shi a bututu shi ne Iridium 192 da ƙarfinsa ke raguwa da rabi duk kwana 74, na ƙarfe mai kauri sosai kuma Cobalt 60. Ana ɗaukar yara da yawa a wannan ɓangaren don aikin dare ne kuma akwai wahala, kuma a nan ne nake so ka buɗe kunnenka. Rediyeshan ba a ganinsa, ba a jin zafinsa lokacin da yake maka illa. A 1999 a Yanango ta ƙasar Peru wani mai walda ya tsinci ƙwayar Iridium da ta faɗo daga na'ura, bai san ko mi ce ce ba ya sa a aljihun wando, ƙarshe sai da aka yanke mashi ƙafa. A Najeriya hukumar NNRA ce ke ba kamfani lasisin riƙe waɗannan kayan, ka tambaya ko suna da shi kafin ka karɓi aiki. Dole a ba ka bajon da ke auna abin da jikinka ya sha wanda ake kaiwa a karanta, da mitar hannu mai aiki, kuma duk harbi guda in an naɗe wayar da ke tura ƙwayar sai ka auna da mita ka tabbatar ƙwayar ta koma gidanta kafin kowa ya matsa. Iyakar rediyeshan ɗin da jikin ma'aikaci zai sha milisibat 20 ne a shekara in an raba a kan shekara biyar. In ka ninka nisanka da ƙwayar sau biyu abin da ke riskarka ya koma kashi ɗaya cikin huɗu, don haka nisa da rage lokaci da tsayawa bayan kariya su ne maganin. Ogan da ya ce ka shiga ba mita wai batir ya mutu kuma ana sauri, ka ce mashi Oga ka yi haƙuri ba zan shiga ba, ko da aikin zai tafi. 'Yan'uwa mata ma suna wannan fanni, suna UT suna karanta fim ɗin hoton RT suna rubuta rahoto, sai dai wadda ke aikin rediyeshan in ta samu ciki ta sanar da wuri a canza mata wurin aiki.

Yanzu maganar satifiket, a nan ake yawan cutar mutane. Tsari biyu ne manya. Na farko shi ne SNT-TC-1A na ƙungiyar ASNT ta Amurka, shi ne mafi yawa a Najeriya kuma shi ne masu kwas ke tallata wa da sunan ASNT lebel 2. A wannan tsarin kamfanin da kake wa aiki ne ke ba ka satifiket bisa rubutacciyar ƙa'idarsa, wani mai lebel 3 ya yi maka jarrabawa ya sa hannu, ranar da ka bar kamfanin kuma ikon ya ƙare sai sabon kamfani ya sake tantance ka. Awannin da tsarin ya ba da shawara, PT awa 4 a aji na lebel 1 da awa 8 na lebel 2, aikin hannu awa 70 sannan 140. MT awa 12 da 8 a aji, aiki 70 da 210. UT da RT kowanne awa 40 da 40 a aji, aiki 210 da 630, wato awa 840 kafin ka zama lebel 2 a UT, in kana awa 8 a rana ya haura kwana 100 kana riƙe da firob, kai da kanka ka ga kwas ɗin sati biyu ba zai ba ka wannan ba. Na biyu shi ne ISO 9712, wanda PCN ta hukumar BINDT a Ingila da CSWIP na TWI ke bi, a nan wata hukuma mai zaman kanta ce ke maka jarrabawa kuma satifiket ɗin naka ne duk inda ka je, har ƙasashen Larabawa ana karɓarsa. A bugun 2021 wanda zai tafi lebel 2 kai tsaye a UT yana bukatar kwana 18 na aji da kwana 180 na aiki, PT ko MT kuma kwana 5 na aji da kwana 60 na aiki. Jarrabawa kashi-kashi ce, ta ilimin hanyar, ta ƙa'idoji, da ta aikin hannu inda za a ba ka ƙarafa masu aibi a ɓoye a ce nemo, kuma kowane kashi sai ka ci 70 cikin 100. Ya fi tsada nesa, shawarata ka fara da na kamfani ka samu aiki, ka riƙa tara kuɗi ko ka shiga adashe, in awanninka sun cika ka je ka yi na ISO a UT. Kafin ka biya kowace makaranta ka tambayi sunan mai lebel 3 ɗinsu da lambarsa ka duba a shafin ASNT ko na BINDT a intanet, ka nemi a nuna maka na'urori da ƙarafan gwaji, ka tambayi mutum nawa ke raba na'ura guda. In suka ce za su ba ka hanya biyar lebel 2 a kwana goma kuma ba wanda ke faɗuwa, ɗauki jakarka.

Tau ina za ka samu awannin? Gaskiya kamfanonin NDT sun fi yawa a Fatakwal da Warri da Legas da Bonny, sai kaɗan a Kaduna da Abuja, sai kuma wuraren manyan kwangiloli da ke ɗaukar mutane na ɗan lokaci. In kana poli kar ka ɓata SIWES da shekarar IT ta bayan ND a ofis kana zaman banza, tun watanni kafin lokacin ka fara aika takarda kamfanonin da ke wannan aikin, haka ma bautar ƙasa. In ba ka makaranta ka shiga a matsayin mai taimako, ɗaukar kaya, goge walda da burushin waya, jan igiyar shinge, riƙe fitila, albashin ba yawa amma kana kusa da na'ura. Ka sayi littafi mai bango mai kauri ka riƙa rubuta kwanan wata, wurin aiki, hanyar da aka yi, awa nawa, irin ƙarfen da kaurinsa, duk ƙarshen sati mai lebel 2 ko 3 da kake ƙarƙashinsa ya sa hannu da lambarsa, ka ɗauki hoton shafin a waya ka aje a imel. Kar ka bari sai kwangila ta ƙare, ranar da aka tashi daga sayit kowa ke watsewa, awannin da ba sa hannu kuma ba hukumar da za ta lissafa maka su. Kafin ka tafi kudu ka nemi ɗan gari da ke can ka samu masauki, kuma ka riƙa duba sanarwar hukumomin gwamnati na NCDMB da PTDF don sukan ɗauki nauyin horar da matasa.

Wanda ba ya son nisa da gida ya duba ɓangaren kankare, musamman ɗan sibil. Tun bayan benen nan mai hawa 21 da ya rushe a Ikoyi a Nuwamban 2021 ya kashe mutum sama da 40 ake ƙara neman a gwada gini, kuma mu ma nan benaye sai ƙaruwa suke, ana ɗora hawa a kan tsohon gini ba a san abin da ke cikin fila ba. Kayan aikin su ne hamar Schmidt da ake dannawa a jikin kankare ta ba da lamba, ana bugu 9 ko 10 a wuri guda kafin a fidda sakamako, sai na'urar sauti ta UPV, kankare mai kyau yakan ba da mita 3,500 zuwa 4,500 a daƙiƙa, in ya yi ƙasa da 3,000 akwai abin dubawa, sai na'urar da ke nuna inda rodi yake da zurfinsa. Hamar taurin fatar kankaren kawai take aunawa, a kan filasta ma ba ta da amfani sai an kankare shi, in sakamako ya yi shakku sai an huda an ciro ɗan yanki an kai dakin gwaji an matse. Wannan ɓangaren a ɗakin gwajin kayan gini ake koyonsa, kai naka awo ne, hukuncin ko gini zai ɗauki ƙarin hawa na injiniya ne mai rajistar COREN.

Ranar da ka zama lebel 2 sa hannunka ne ke sa a rufe bututu ko a cika tanki, kuma za a matsa maka, ɗan kwangila na bin kwanaki, mai walda na tsoron a kore shi, wani zai ce Malam a taimaka a rufa asiri, wani da ambulan zai zo. Abin da zai tsare ka shi ne ka daina magana da ra'ayinka, ka buɗe ƙa'idar da aka ce a bi, API 1104 in bututu ne, AWS D1.1 in ginin ƙarfe ne, ka nuna tsawon aibin da ka auna da iyakar da aka yarda da ita, ka zana wurin a jikin ƙarfen da maka, a gurza a sake walda ka sake dubawa, sau da yawa gyaran bai wuce na wasu awanni ba. Kar ka sa hannu a waldar da ba kai ka duba ba ko da ogan ne ya miƙo maka takardar, rayukan mutane ne a ƙarƙashin abin kuma amana ce za a tambaye ka. Kowane rahoto ka rubuta lambar waldar, lambar na'urar da ranar da aka tantance ta, ka aje kwafinka.

Satifiket na ISO shekara 5 yake yi a sabunta, a shekara ta 10 a sake tantance ka, kuma in ka daɗe ba ka aikin zai iya faɗuwa, don haka littafin awannin nan ba a daina shi. In ka zauna da ƙafarka a UT sai ka ƙara PAUT da TOFD, wato hanyoyin UT na zamani, don su manyan ayyuka ke nema yanzu, ko ka yi CSWIP 3.1 ka zama sufeton walda, mai son matatar mai ya nufi satifiket ɗin sufeto na API 510 da 570 da 653, mai son aikin teku sai ya yi kwas ɗin tsira da rai na BOSIET, wanda ba ya tsoron tsawo kuma ya haɗa da kwas ɗin hawa da igiya na IRATA, amma duk waɗannan sai bayan lebel 2 ɗinka ya tabbata, kar ka tara su tun ba ka da awa ko ɗaya a littafi.